Igiyar Aparanti

Na sha jin ku, in kun taru da Sallah, kuna ba 'ya'yanku labari wai kare ne ya fitar da mu daga gidan gado. Wani lokaci da dariya kuke faɗa, wani lokaci kuma, musamman ke Rabi, ina jin ɗaci a ƙarƙashin dariyar. Kuna kuma cewa ni ce na kafe. Ban taɓa tanka muku ba, domin sa'ad da babanku ke raye ba ya son a tayar da maganar. Yanzu shi da yayansa Alhaji Mamman duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ma jiki ya fara nauyi. Bari in faɗa muku yadda abin ya kasance, tun da ku ƙanana ne a lokacin, gefen maganar kawai kuka gani.

Babanku direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya, tun kafin ya aure ni. Wake da dabbobi yake ɗauka daga Dakoro zuwa Maraɗi, ya komo da siminti da shinkafa da duk abin da 'yan kasuwa suka loda masa. Mutum ne mai murya. In ya shigo gida, tun daga zaure ake sanin ya iso. Da ciwon ido ya kama shi, a hankali ya zo: da farko gefe-gefe ya daina gani, daga baya abin ya rufe gaba ɗaya. Mun je wurin likita a Maraɗi, aka duba, aka ba shi maganin ɗigawa, aka ce mun makara. Da muka dawo ya miƙa wa mai mota makullinsa, ya shiga ɗaki ya zauna. Ba zan ce ya yi kuka ko ya yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Shiru ya yi. Yana salla a ɗaki, yana cin abin da aka ajiye masa, in abokansa na tasha sun zo gaishe shi sai ya ce in ce yana barci. Damina ta wuce a haka, rani ya shigo a haka.

Alhaji bai gaza mana ba, wannan ku riƙe shi. Hatsinsa muka ci duk shekarar, shi ya ɗinka muku kayan lakwal, wato makarantar boko, bai taɓa bari na roƙa ba. Abin da yake so shi ne ƙanensa ya zauna a inuwa a yi masa komai. Ni kuwa ina da 'yan awakina a garkar da mahaifina ya bar mini a bakin gari, wajen hanyar Sabon Maci, da su nake rufa wa kaina asiri. A ranin nan dila ya matsa mini, yana bi ta shinge yana ɗauke 'yan awaki. Na yi wa Dudu ƙorafi, wata Bafulatana da ke kawo mana nono. Bayan 'yan kwanaki sai ga ta a garka da ɗan kwikwiyo a cikin ƙwarya, ja, siriri, ƙafafu dogaye kamar ba nasa ba.

Ta ce, "Uwarshi ba ta barin ko kurege shi kusanci garke. Amma ki sani, irinsu gudu ne a jininsu. In bai koyi zuwa in an kira shi tun yana ƙarami ba, ba naki ba ne, na daji ne."

Na ce, "To yaya ake koya mishi?"

Ta ce, "Da igiya doguwa, da abin daɗi a hannu. Kuma kada ki taɓa kiran shi don ki buge shi."

Na yi masa ɗan akurki a garka. Wata biyu ko fiye ina fama. Da safe in je in sake shi, ya zura a guje cikin gonakin mutane, in bi shi ina kira har muryata ta dushe, shi kuwa ya tsaya daga nesa yana kallona, in na matso ya ƙara gaba. Igiyar da Dudu ta faɗa ban samu lokacinta ba, ga ɗiban ruwa, ga tuwo, ga ku. Wata rana na dawo gida da ƙaya a ƙafa, ina cirewa a bakin ƙofa ina mita ni kaɗai, na ce gobe zan mayar mata da abinta. Sai na ji murya daga cikin ɗaki.

"Sau nawa kike kiran shi, Kulu?"

Na daɗe ban ji babanku ya tambayi wani abu ba. Na ce, "Ina ƙirgawa? Ina ta kira dai."

Ya ce, "Shi ya sa. Kin koya mishi sunanshi hayaniya ne. Yaron mota ma in kana ta kwala mishi kira, kunnenshi toshewa yake. Mi kika sa mishi?"

"Ban sa mishi suna ba. Kai nake ce mishi."

Ya ce, "Duba ƙarƙashin gado, akwai siririyar igiyar da nake ɗaure kaya da ita. Gobe ki kai ni."

Washegari na riƙe hannunsa muka bi ta bayan gari. Ranar ya fara taka waje tun da muka dawo daga Maraɗi. Ya zauna a gindin aduwar da ke bakin garka, na miƙa masa kwikwiyon. Ya shafa shi tun daga kai har wutsiya, ya ƙirga haƙarƙarinsa da yatsa, ya ce igiya ba za ta hau wuyan nan ba, za ta shaƙe shi. Ya sa na yago gefen tsohon zane, ya naɗa masa ta ƙirji da bayan ƙafafun gaba, ya ƙulla igiyar a gadon baya da irin ƙullin da yake yi wa lodi. Hannunsa bai manta komai ba. Da ya gama sai ya ce shekara da shekaru yana yawo da karen mota, yau ga kare babu mota, don haka sunansa Aparanti, yadda suke kiran yaran mota a tasha. Ban yi dariya da ƙarfi ba don kada in kore abin da na ga yana dawowa.

Haka muka fara, kuma haka muka yi ta yi kullum da hantsi da kuma bayan la'asar. Yakan zauna da ƙarshen igiyar a hannun hagu, ƙuli-ƙuli a aljihu. Igiyar doguwa ce, takan kai daga aduwa har bakin rijiya. Sai ya saki kwikwiyon ya yi ta sunsune-sunsunensa, igiya na bi ta tsakanin yatsunsa. Ni ce idonsa da farko. In ce masa ya sa hanci a rami, sai ya ce a bar shi, yanzu ba ya ji. In ce ya ɗago kai, sai ya kira, sau ɗaya tak, da murya mai daɗi kamar yana kiran ɗayanku: "Aparanti, zo!" In ya taho, ya yi ta yaba masa tun yana hanya, ya ba shi ɗan ɓallin ƙuli, ya shafa ƙirjinsa, sannan ya ce, "Tahi," ya sake shi ya koma wasansa. Wannan sakin shi ne na kasa ganewa da farko. Na ce wahalar mi ke nan, an samu ya zo kuma a kore shi? Ya ce in duk zuwan da ya yi akurki ne ƙarshensa, gobe ba zai zo ba. In kuwa ya kira kwikwiyon ya yi kunnen ƙashi, ba ya maimaitawa, ba ya fizga. Sai ya tsayar da igiyar cik, ya hana ta ƙara gaba, ya rinƙa tattaro ta a hankali hannu bayan hannu har karen ya iso gabansa, ya shafa shi, amma babu ƙuli.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Igiya takan naɗe a sabara sai na je na warware. Wata rana zabi suka tashi, karen ya zabura da ƙarfinsa duka, igiya ta zare ta saɓule masa fatar tafin hannu. Na ce a bari haka nan. Ya ce in kawo man kaɗe da tsumma, ya naɗe hannun ya ci gaba. Kafin zafin bazara ya sauka ya daina tambayata abin da karen ke yi. Ta igiyar yake ji: in ta yi tauri ya san hankalinsa na can, in ta saki ya san lokacin kira ya yi. Daga baya ya sa na rinƙa koro awaki ta gabansu, ko in ajiye ƙwaryar dusa a hanya, don karen ya koyi barin abin da yake so ya taho. In mun gama ya wanke hannu da ƙasa da ruwa, ya yi alwala, ya yi sallarsa nan gindin aduwa. Ya fara cin abinci sosai. Ya fara yi muku faɗa in kun bar buta a hanya, ban taɓa jin daɗin faɗa irin na lokacin ba.

Ana cikin haka mahaukacin kare ya ciji wani mutum a wata unguwa. Aka yi shela a rediyo cewa za a zuba nama mai guba a bakin gari da juji, duk mai kare ya tsare abinsa. Mun riga mun kai Aparanti an yi masa allura, amma allura ba ta hana cin guba, ga shi ya koyi haƙe ƙarƙashin akurki ya fita. Babanku ya ce mu kawo shi gida har abin ya wuce. Muka ɗaure shi bayan ɗakinmu, wajen turken tumaki. Bai kwana biyu ba Alhaji ya shigo sashenmu bayan sallar asuba, bai ko zauna ba.

Ya ce, "Abdu, gidan ubanmu ba a taɓa kwana da kare a cikinshi ba. Nan ake karatu, nan malamai ke sauka."

Babanku ya ce, "Yaya, na tsaro ne, kuma kwanaki kaɗan ne. Na tambayi liman, ya ce na tsaron dabbobi babu laifi."

"A garka babu laifi. Nan ba garka ba ce." Sai ya sassauta murya. "Ba shi ne kaɗai ba. Ka san abin da ake faɗa a kasuwa? Wai ƙanen Alhaji Mamman ya rasa mai yi mishi jagora, kare ke jan shi da igiya. Mi na rage ka da shi? Ci ko sha? Ka zauna a ɗakinka da mutuncinka, ni in ɗauki sauran."

Ina tsaye a bakin madafa, na ga fuskar babanku.

Sannan ya ce, "Ba ka rage ni da komi ba, Yaya. Allah shi saka. Amma ɗakin nan na zauna cikinshi, na san abin da ke ciki."

Alhaji bai gane ba, ko kuwa ya gane ya ji zafi, ban sani ba. Ya ce dai kafin azahar a fitar da karen, ya juya ya fita. Da rana muka mayar da Aparanti garka, babanku ya zauna da shi har magariba, igiya a hannu. A hanyar dawowa ya tsaya, ya ce mini zai gina ɗaki a garka mu koma can. Ku ji da kyau: ni ce na ƙi. Na ce babu pampo, babu wuta, lakwal ta yi wa yara nisa, mutane za su ce mun yi wa Alhaji butulci. Na ce kare ne fa, Malam, a mayar wa Dudu a huta. Ya ce ba don kare ba ne. Ya ce a gidan gado duk wanda ya gan shi tausayi yake ji, har yara sun koyi rage murya in sun zo wucewa ta ƙofarsa. A garka kuwa akwai rijiya da zai iya ja, akwai awaki da zai iya ba dusa, akwai abin da in bai tashi ya yi ba ba za a yi ba. Ya ce in ban yarda ba ba zai tilasta mini ba, zai koma ɗaki. Da ya faɗi haka na san na yarda, ko da yake sai da na yi kwanaki ban ce masa to ba.

Na sayar da rabin awakina aka buga tubali. Abokansa na tasha, waɗanda ya yi ta ƙin gani, su suka kawo itacen rufi. Muka tashi ana gab da shuka. Alhaji bai hana ba, bai kuma fito ba ranar da amalanke ya kwashe kayanmu. Ya aiko dai cewa a bar masa Rabi, tun da jarrabawa na gabanta kuma lakwal ɗinta na kusa da gidan. Babanku ya ce ba za a ƙi wa Yaya biyu ba. Rabi, na san kin ɗauka mun zaɓi kare mun bar ki. Na bar ki ne ina waiwaye har muka sha kwana, kuma daminar nan duk ranar da na dafa ɗanwake sai na rasa mai cin rabonki, in zauna ina kallonsa. Ku kuma maza kun sha tafiyar ƙasa, kun sha karatu da fitilar hannu, kun sha ruwan sama a ɗakin da rufinsa bai gama kamawa ba. Hatsin Alhaji bai daina zuwa ba, amma shi bai zo ba. In sun haɗu a masallacin Juma'a su gaisa kamar maƙwabta.

Duk daminar igiya ba ta bar bayan Aparanti ba, saboda shukar mutane. Sai dai babanku ya daina riƙe ta, ya bar ta tana ja a ƙasa, in ya kira bai zo ba ni in taka ƙarshenta. Da kaka ta yi aka kwashe hatsi, gonaki suka buɗe, wata safiya ya ce in kai shi tsakiyar fili. Ya durƙusa ya kwance ƙullin da kansa, ya naɗe igiyar a gwiwar hannu, ya ce, "Tahi." Karen ya yi 'yan zagaye kusa da mu. Can zomo ya tashi daga cikin kara. Ban taɓa ganin gudu irin wannan ba, kafin in buɗe baki sun zama ƙura. Wajen babbar hanya suka nufa, kuma ina jin kukan mota daga nesa.

Na ce, "Malam, ya bi zomo, ya yi hanya!"

Ya ce, "Na ji. Babba ce, da lodi, ba za ta iya tsayawa ba."

Ya cika ƙirjinsa, ya saki muryar nan tasa ta tasha, wadda na ɗauka ta tafi tare da idon. Ya kira shi sau ɗaya.

Ban ga komai ba sai kara da sabara. Motar ta wuce. Na ce ya sake kira, na kama hannun rigarsa na ce don Allah ya sake.

Ya ce, "Ya ji, Kulu. Bari."

Muka tsaya. Sai na ga kara na motsi daga gefen hagu, ga shi nan tafe, harshe waje, kunnuwa a kwance, bai rage gudu ba har ya bugi gwiwoyin babanku ya kusa kayar da shi. Babanku ya zauna daɓas a ƙasa, ya juye masa duk ƙulin da ke aljihu, yana ta cewa madalla, madalla, ɗan kirki. Da karen ya cinye, ina jira ya mayar da igiya. Sai ya shafa ƙirjinsa ya ce, "Tahi."

Alhaji ya zo garka bayan Sallar layya. Da la'asar ne, muna zaune, sai Aparanti ya tashi da haushi ya yi bakin shinge. Na leƙa na ga babbar riga fara, mutum ya tsaya cik ya ɗaga sandarsa. Na ce wa babanku Yaya ne. Ya kira karen, ya dawo ya kwanta a bayansa ya sa haɓa a ƙasa. Alhaji ya shigo yana tattare bakin rigarsa. Na shimfiɗa masa tabarma nesa kaɗan, na gaishe shi, na kawo ruwa. Ya sha, ya ce ruwan rijiyar nan ya fi na pampo daɗi. Ya dubi awaki, ya dubi kunyoyin yakuwa da kuɓewa da babanku ya ja da hannunsa, a karkace amma a cike. Ya dubi ƙanensa ya daɗe.

Ya ce, "Ka yi baƙi, Abdu."

"Rana ce, Yaya."

"Ka kuma yi jiki."

Suka yi hirar farashin wake, da wanda ya rasu, da wanda ya tafi Makka. Ba wanda ya ambaci kare, ba wanda ya ambaci komawa. Da zai tafi ya tsaya a gaban ɗakinmu, ya kai sandarsa ya ɗaga buhun da muka rataya a ƙofa maimakon ƙyaure, ya sake shi, ya yi sallama.

Washegari da hantsi amalanken jaki ya tsaya a bakin garka. Mai amalanken ya ce Alhaji ya ce a sauke nan. Ƙyaure ne na katako, da madogaransa, an ciro shi da kyau ba a fasa komai ba. Na kai hannun babanku kansa. Ya shafa daga sama, ya sauko, ya tsaya a wurin sakata, inda shi da kansa ya taɓa gyara ta da ƙarfen mota.

Ya ce, "Na ɗakinmu na gidan gado ne."

Na ce, "Shi ne. Ke nan ba ya jiran mu koma."

Ya daɗe hannunsa na kan katakon. Sannan ya share fuska da hannun riga, ya miƙe.

Ya ce, "Kama wancan gefen, Kulu. Mu kafa shi kafin rana ta yi zafi."